Kwalbar da Na Ɗora a Kan Piyano

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya miƙa hannu ya tsamo ni daga inda na faɗa. Yabo ga Ubangiji!

Ban ji ku ba. Na ce yabo ga Ubangiji!

Yawwa. Fasto ya ba ni minti goma. Fasto, ka yi haƙuri tun yanzu, tsohon soja ba ya barin rahoto a rabi.

Saboda baƙin da ba su san ni ba, sunana Yakubu, amma duk Gyadi-Gyadi Saja ake ce mini. Ni ne mai kaɗa piyanon can da ke kusurwa. Ga matata, Hannatu, Maman Rifkatu, zaune cikin 'yan zumuntar mata. Ga kuma Malam Bitrus, shugaban mawaƙanmu, ya sunkuyar da kai don ya san sunansa zai fito. Jiya na nemi izininsa, ya ce in faɗa duka. Ko da bai ba ni ba, da na faɗa.

Na baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna ina saurayi na shiga soja, aka sa ni cikin 'yan badujala. A can na koyi piyano, kuma na iya. Ba fahariya ba ce, Allah ne ya ba ni kunne da yatsu. Zamanin mulkin soja kuwa liyafa ba ta ƙarewa a wurin shaƙatawar hafsoshi, kuma ni ake zaunarwa. Duk hafsan da kiɗa ya yi wa daɗi ba ya tafa mini, kofin giya yake aiko mini. Wannan ya aiko, wancan ya aiko, ga shi ba a ce wa na gaba da kai a'a.

Amma kada in ɗora wa hafsoshi. Ina so. Na so ta fiye da abinci. Daga giyar manya na gangaro har na iso ogogoro, har ta kai in ban kurɓa da safe ba, ba na iya riƙe reza in yi aski. Hannun nan rawa yake yi, sai ya ji ta sannan ya natsu.

Sai ga shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Su suka koma bariki, ni kuma bariki ya sallame ni, na yi ritaya. Muka kama haya a nan Gyadi-Gyadi. A shagon mai shayi, a cikin bas, kowa maganar 'yanci yake yi. Ni kuwa na cire kaki, amma mai ba ni oda tana nan cikin aljihun wandona. Gwamnatin ƙasa ta canja, tawa ba ta canja ba.

Tsofaffin cikinku sun tuna yadda majami'ar nan take a lokacin. Rufin kwano, benci 'yan kaɗan, da wannan piyanon da wata malamar makaranta ta bar mana da za ta koma gida. Ba mai kaɗa shi, furen roba kawai ake ɗora masa. Da Kirsimeti ya matso, dattawa suka ce bana za a yi babban shirin waƙoƙi, a gayyato 'yan'uwa daga Tarauni da Unguwa Uku. Malam Bitrus ya zo har gida.

Ya ce, "Saja, Allah ne ya kawo mana kai a kan lokaci."

Na yarda nan take, ba don Allah ba, don a san ni wane ne. Na zauna na tsara komai a takarda: kiɗan shigowa, wasan yara na makiyaya, waƙoƙin mawaƙa guda huɗu, na zumuntar mata, na lokacin karɓar baiko, na rufewa. Maɓallai uku na piyanon sun mutu, sai na sauya wa kowace waƙa mazauni don in kauce musu. Na cika ko'ina da ado da kwalliya irin wadda hafsoshi ke so. Duk ranar gwaji sai na kurɓa daidai awona, in tauna kanumfari, in zo in zauna. Yatsuna gudu suke yi. Malam Bitrus har hawaye ya yi don murna.

Matsalar ta taso ne daga iyayenmu mata.

Kun san su. Ba sa jiran piyano. Mai ba da waƙa takan ɗauko ta daga inda maƙogwaronta ya same ta, tulu da caki su biyo baya, mai piyano kuwa shi zai tashi ya je ya nemo su. Haka ake yi tun kafin a haife ni. Amma ni, Saja, in bi mata? Sai in buga maɓalli da ƙarfi in ce, "Daga nan za ku ɗauka! Ku sake!" Ina yi musu tsawa kamar kurata a filin fareti, har da waɗanda suka haife ni.

Mai ba da waƙar kuwa matata ce. Na sa ta sake sau ɗaya, na sa ta sake sau biyu. A na uku ta ajiye cakinta a kan benci a hankali.

Ta ce, "Baban Rifkatu, shekara da shekaru ina rufa maka asiri a gida. A gidan Allah ba zan rufa ba. Kanumfari ba ya ɓoye abin nan, kowa a nan yana ji. Ni dai ba zan yi wa Mai Cetona waƙar haihuwa a kan warin ogogoro ba."

Ta fita. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta rungumi tulunta, suka bar ni da murfin piyano a buɗe.

'Yan'uwa, ban ji kunya ba a ranar. Fushi na yi! Na ce zan nuna musu. Washegari ban kurɓa ba, da tsakar rana na zo nan ni kaɗai, na zauna don in tabbatar wa kaina cewa ni ke kiɗa, ba kwalba ba. Na ɗauki waƙar yara, mafi sauƙi a takardar, wadda ko ina gyangyaɗi nakan kaɗa.

Na kasa. In nufi wannan maɓalli, yatsa ya sauka a kan wancan. Na sake, na kasa. Na riƙe hannun dama da na hagu, dukansu suka ci gaba da rawa tare.

Nan na gane an ƙwace mini baiwata tuntuni, aro ake ba ni kullum da safe.

Na sauko na durƙusa a ƙasan simintin can. Ban iya doguwar addu'a ba, rahoto na iya, shi na ba da. Na ce, "Ubangiji, ga ni. Hannun nan kai ka yi shi, ba ogogoro ba. Abokin gaba ya kama shi, ni kuma na kasa ƙwatowa. Ka zo ka karɓi kayanka. In zan yi kiɗa, in yi da kai. In ba haka ba, gara a rufe piyanon a mayar masa da furensa."

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Kiran sallar azahar kawai na ji daga masallacin bayanmu. Amma na tashi da wani abu a ƙirjina da ban shigo da shi ba. Na je gida na zubar da duk abin da na ɓoye, har da ta cikin tsohon takalmin soja wadda Hannatu ba ta sani ba.

Saura sati uku a yi shirin. Kada wani ya ce muku abin da sauƙi. Na yi zufa, na yi amai, na ji kamar tururuwa na yawo a cikin fatata. Fasto ya ɗauke ni a babur ɗinsa ya kai ni asibiti, aka ba ni magani, aka ce da na ƙara kwana ina fama ni kaɗai da abin ya yi muni. Hannatu ta riƙa dama mini kunu tana ba ni a baki.

Da na iya tashi, na yayyaga takardar farko na rubuta sabuwa. Na cire ado duka. Na bar wa hannun hagu abin da ba zai fi ƙarfinsa ba. Na roƙi Fasto ya sa karatun Littafi tsakanin waƙa da waƙa don hannu ya huta. Na je wurin iyayenmu mata na cire hula, na ce, "Ku gafarce ni. Ku ɗauka daga inda kuka ga dama, ni zan biyo ku."

Duk da haka gwaji bai yi kyau ba. Kullum fuskar Malam Bitrus ƙara faɗuwa take yi. Bayan gwaji na ƙarshe ya ja ni bayan majami'a ya rage murya.

Ya ce, "Saja, na ga ƙoƙarinka, Allah ma ya gani. Amma baƙi za su zo, har da manya. Ɗan kaɗan fa, daidai na daidaita hannu. Tuba ai ba guduwa za ta yi ba. Ka bari sai sabuwar shekara ka fara da kyau."

Na ce, "Malam, zo mu je ka maimaita a gaban Fasto."

Bai zo ba. Na ɗauka magana ta mutu.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika har tagogi. Ga baƙi, ga mata cikin anko, ga yara an naɗa musu zannuwa sun zama makiyaya. Na ɗaga murfin kujerar piyano don in ɗauko takarduna, sai na ga abu naɗe cikin hankici. Tun ban buɗe ba hannuna ya gane ta. 'Yar ƙaramar kwalba ce, sabuwa, ba a fasa bakinta ba.

Zan faɗa muku gaskiya a gaban Allah. Na so ta. Ba wanda ya gani. Bayan gida na nan kusa, in sa ta aljihu in fita in dawo, ko minti biyu ba za a yi ba, kuma in kaɗa muku abin da za a yi shekara ana labarinsa. A wannan lokacin na fi son kwalbar nan da Mulkin Sama.

Sai raina ya ɓaci. Ba da Malam Bitrus ba, da ita. Wato har cikin gidan Ubana za ki biyo ni? A ɓoye kika saba cin mutuncina, to, yau a fili za mu yi!

Na warware hankicin, na ɗauke ta, na dangwarar da ita a saman piyano inda kowa zai gani.

Duk idanu suka dawo kanta. Wani dattijo ya miƙe zai zo, Fasto ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shi."

Na juyo na ce, "Jama'a, wannan a rufe take, kuma a rufe za ta ga ƙarshen sujadar nan. Bari ta zauna ta ji yadda ake yi ba da ita ba."

Na zauna na fara.

Kuna jira in ce rawar hannu ta tsaya, ko? Ba ta tsaya ba! Kiɗan shigowa na fara shi sau biyu. Makiyaya suka shigo kafin in ba su hanya. Matattun maɓallan nan da na yi ta dabarar kauce musu, na faɗa kansu sau uku, ba abin da ya fito sai ƙwas. A waƙar mawaƙa ta uku na ɓace gaba ɗaya, suka yi layi biyu ba ni. Duk sanda na ɗaga ido ina ganinta, ita ma tana kallona. In ce mata a zuciya, "Kin ji wannan kuskuren? Nawa ne. Ba ruwanki."

Da aka zo kan mata, Hannatu ta ɗauko waƙa can sama, inda ba ta taɓa ɗaukowa ba a gwaji. Na bi su ina lalube, sama, ƙasa, kamar mai neman takalminsa a ƙofar gidan biki. Sai a baiti na biyu na same su. Da na shiga daidai, ta waiwayo ta dube ni, ba ta daina waƙa ba.

Wasu baƙi sun yi murmushi a bayan hannu, na gan su. Ban damu ba. Na kai har Amin ta ƙarshe, kwalba na nan a rufe.

Kafin Fasto ya sa albarka, Malam Bitrus ya fito gaba. Ya ɗauki kwalbar ya ce, "Ni na sa ta. Na fi jin tsoron baƙi da tsoron Allah. Ku yafe mini." Ya fita da ita ya tuttular a kwata. Tun ranar ba ni da aboki kamarsa.

Muna tafiya gida na fara lissafa wa Hannatu inda na yi kuskure. Na farko a nan, na biyu a can, na uku wajen makiyaya, har na kai goma sha ɗaya. Sai ta tsaya cak a bakin titi.

Ta ce, "Baban Rifkatu, ka tuna duka?"

Ni ma na tsaya. 'Yan'uwa, shekarun nan duka da na yi ina kaɗa wa manyan ƙasar nan, ana cewa ba kamar Saja, babu kiɗa ko ɗaya da zan iya tunawa daga farko zuwa ƙarshe. Sai gari ya waye a ba ni labarin abin da na yi, in yi ta gyaɗa kai kamar na sani. Wannan kuwa, mafi muni a rayuwata, ina nan a cikinsa. Na ji kowace murya, na ga kowace fuska. Na tsaya a titin Gyadi-Gyadi da rana tsaka, tsohon soja, ina kuka kamar yaro.

Shaiɗan, ka ji kunya! Ka riƙe tafin hafsoshinka, ni na riƙe kuskurena goma sha ɗaya, kuma ban ƙara kurɓa ba har yau.

Na san akwai wanda ke zaune a nan da tasa kwalbar. Wataƙila ba giya ba ce, kai ka san sunanta. Wani yana raɗa maka cewa ka bari sai an wuce biki, sai abubuwa sun daidaita, sai ka yi ƙarfi. Ƙarya yake yi! Ba za ka yi ƙarfi a hannunta ba. Fito da ita fili yau, ka kira Yesu, ka fara a yadda kake, ko da za a yi maka dariya. Shi mai aminci ne, ba zai bar ka a rabin waƙa ba.

Na gode wa Allah Uba da ya mayar mini da hankalina. Na gode wa Yesu da ya karɓi kiɗan da ba wanda zai tafa wa. Girma da ɗaukaka nasa ne har abada.

Ikkilisiya ta ce Amin!