Wata Uku a Tsibirin Masu Kamun Ƙaguwa

Barka da war haka mai gabatarwa, kai da abokan aikinka.

Sunana Rifkatu, 'yar Kafanchan, ina aikin nas a garin Greenbelt, nan ƙasar Turawa. Bara aka tura ni wani ɗan tsibiri na wata uku, tafiyar awa guda a jirgin ruwa. Sana'ar mutanen wurin kamun ƙaguwa, kuma ni kaɗai ce baƙar fata. Wallahi da tsoro na je.

Akwai wani tsoho da ya ƙi ko in auna jininsa. Ranar da iska ta hana jirgi tashi, wuƙa ta tsaga masa hannu, ni na ɗinke. Washegari sai ga shi da kwandon ƙaguwa, ya ce, "'Yata, kada ki tafi."

Yanzu sun roƙi in koma can da zama, kuma raina yana so. Amma maigidana direban tasi ne, ya ce me zai tuƙa a garin da babu mota? Tsohon ya ce zai koya masa tuƙin jirgi. Maigida ya yi dariya, amma dai bai ce a'a ba.

Masu sauraro, mu tafi ko mu zauna? Ina gaida 'yan'uwa na Manassas.