Lauyoyi Biyu a Motata da Takardar 'Yata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Direban tasi ne ni a Nyanya. Jiya na ɗauko lauyoyi biyu, wani dattijo da wata hajiya, cunkoso ya riƙe mu, sai na kai musu kukana: a Abuja aka haifi 'yata, amma wurin neman aiki an ce ta kawo takardar asali daga Katsina, jihata ta asali.

Dattijon ya ce, "Abin da kundin tsarin mulki ya rubuta za a bi. Asali na iyaye ne."

Hajiyar ta ce, "Haba Oga! Ba don haɗa kan ƙasa aka rubuta shi ba?"

Har Sakatariya suna fafatawa, ba zagi, ba gori. Wallahi sun burge ni! To masu sauraro, yarinyar da ba ta taɓa taka Katsina ba, 'yar ina ce?