Wa Ya Karya Yajin Aikin Masu Takalmi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau Lahadi, sha biyu ga watan Oktoba, ƙarfe tara da kwata na safe bisa agogon bangon zauren nan, wanda na lura ya ɗan riga na wayata. Fanka ɗaya na aiki, ɗaya ba ta yi. Mutanen Unguwar Hagu suna zaune a gefe guda, mutanen Unguwar Dama a ɗaya gefen, a tsakani kuma an bar hanyar da keken ɗaukar kaya zai iya wucewa.

Mai girma shugaban taro, Pak Sumarjono, shugaban gundumarmu. Limamanmu guda biyu. Mbah Rukiyem, tsohuwar shugabar masu ɗinki ta Hagu, wadda ta haifi mahaifina. Mbah Kasmo, tsohon shugaban masu shafa gam na Dama, wanda ya haifi mahaifiyata. Iyayena masu yankan fata, masu ɗinki, masu gam, masu naɗe kwali. Masu sayar da shinkafa a bakin ƙofar Kamfani, wato kamfaninmu na takalmi. Da sauran jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na jera sunayen nan ne bisa shekaru, ba bisa unguwa ba, kuma na duba katin shaidar kowa.

Sunana Retno Palupi. A watan jiya na karɓi shaidar digiri a fannin tarihi daga jami'a a birnin Surabaya. Ina gode wa Pak Sumarjono da ya ba ni wannan aiki, ko da yake daga baya na gano sai da mutum huɗu suka ƙi kafin ya zo kaina.

Abin da ya tara mu kowa ya sani. Da Kamfani ya rufe bara, ya bar wa ma'aikata takalman da ke sito a matsayin sallama. Siton Hagu cike yake da warin hagu, siton Dama cike da warin dama. Wani ɗan kasuwa ya ce zai saye su duka idan an haɗa su ƙafa bibbiyu. Rufin siton Hagu yana yoyo, damina kuma ta kusa, jiya ma an yi yayyafi. Amma kowace unguwa ta ce ba za ta buɗe sitonta ba sai ɗayar ta amsa cewa ita ce ta karya yajin aikin da aka yi shekara ashirin da biyar da suka wuce. Aikina shi ne in gano wanda ya karya.

Na farko, yadda aka raba mu. Da aka gina Kamfani a zamanin kakanninmu, masu shi sun ji tsoron sata. Sai suka yi zaure biyu da ƙofa biyu a bango ɗaya, zaure ɗaya na ɗinka ƙafar hagu, ɗaya na ɗinka ta dama, don duk wanda ya saci takalmi ya rasa yadda zai yi da shi. Masu shiga ta ƙofar hagu suka kama hayar ɗakuna kusa da ita, na dama ma haka. Da haka muka zama unguwa biyu, da masallaci biyu, da ƙungiyar ƙwallo biyu, da masu aski biyu da ba sa gaisawa. An sha gaya mini cewa yaran Hagu na wancan lokaci suna sa warin hagu a ƙafa biyu, shi ya sa suke ta zagaye makaranta ba su iya shiga. Na tambayi tsoffin malamai uku, ban sami hujja ba. An kuma ce mutanen Dama ba su iya juya cokali a shayi ta ɗaya gefen. Wannan na gwada shi a kan Mbah Kasmo, kuma ina roƙon kada a tambaye ni sakamakon.

Amma ina so a tuna cewa jiniya ɗaya ke tashe mu, warin gam ɗaya ke bin gashinmu har cikin sallah, kuma ciwon baya ɗaya iyayenmu suka kwaso. Babu warin takalmin da ya taɓa barin garin nan shi kaɗai.

Na biyu, yajin aikin. An yi shi ne don neman hutun cin abinci, saboda a lokacin ana cin shinkafa da hannu ɗaya, ɗayan na kan keken ɗinki. Unguwannin biyu suka kafa rumfuna a tsallaken titi, kowa na kallon ƙofofin. Ana cikin mako na biyu, da la'asar, aka kece da ruwan sama. Mbah Kasmo ya shaida mini cewa ya ga wani cikin rigar leda, kai a rufe, ya shige ƙofar Hagu da sanɗa. Ya ce, "Jikalle, da idona na gani. Tafiyar ma ta 'yan Hagu ce, a karkace." Mbah Rukiyem kuma ta ce ta ga wani cikin rigar leda ya shige ƙofar Dama. Da na gaya mata abin da Mbah Kasmo ya faɗa, sai ta ce, "Wannan tsohon? Gam ya cinye masa ido tun kafin a haifi uwarki. Ko akuya ce ta wuce, cewa zai yi 'yar Hagu ce."

Kafin magariba labari ya cika gari. Kowace unguwa ta ce an ci amanarta, kowace ta ji tsoron a kore ta a bar ɗayar. Washegari da safe duk suka ruga aiki, ana ture juna a titi. Ba a sami hutun cin abincin ba sai bayan shekara shida.

Na uku, wanda ya shiga. Ina roƙon a miƙo mini ruwa.

Na yi hira da duk wanda ya yarda ya buɗe mini ƙofa. Shaidun biyu ba su yi ƙarya ba. Mutum biyu ne suka shiga, ɗaya ta kowace ƙofa. Na kai makonni ban san ko su wane ne ba, har ranar Laraba da ta wuce, ina zaune a kicin ina kuka a kan takarduna, mahaifiyata Bu Tumirah na suyar tempe, wainar nan ta waken soya. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ke, daina ɓata mana takarda da majina. Ni ce da babanki."

Ina roƙon a zauna. Mbah, don Allah a zauna, ban gama ba.

Ga yadda abin yake. A tsakanin zaurukan biyu akwai ɗakin kwali, da 'yar taga a kowane gefe inda ake turo takalma. Mahaifina Pak Sarju ke turo na hagu, mahaifiyata ke turo na dama. Ya daɗe ba ya ganin komai nata sai hannu. Ya ce da ganin yadda take ajiye takalmi ya san mai faɗa ce, kuma ya amince. Da aka fara yajin aiki, shi yana rumfar Hagu a ƙarƙashin idon uwarsa, ita tana rumfar Dama a ƙarƙashin idon ubanta. Kasuwa cike da 'yan yajin aiki, bakin kogi cike, masallatai cike. A duk faɗin garin nan wuri ɗaya ne kawai babu kowa, shi ne Kamfani.

Na tambayi mahaifina ko sun taɓa wani inji. Ya ce, "Wane inji? Ni da ko numfashi ban iya ba." Na ce to me suka yi. Ya ce marigayi Pak Wagiman mai gadi ya ɗauko kujera ya zauna a tsakanin tagogin biyu, ya ce, "Ku yi maganarku, ni kurma ne, amma hannu ya zauna a inda yake." Mahaifiyata ta kawo soyayyar ayaba guda biyar. Mai gadi ya ci uku. Mahaifina ya tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce, "Mas Sarju, sai ka jira ruwa ya tsaya." Ya ɗauka ƙi ne, ya koma gida ya kwanta da zazzaɓi. Shi kaɗai ne ɗan Hagu da bai koma aiki washegari ba, har wasu suka riƙa kiransa gwarzon yajin aiki. Ya ce in gaya muku bai taɓa jin daɗin sunan ba. Yana bayan ginshiƙin can, idan akwai mai tambaya.

Saboda haka, mai girma shugaban taro, Hagu ba ta karya ba, Dama ba ta karya ba. Ɗan Mbah Rukiyem da 'yar Mbah Kasmo sun shiga cin ayaba, sauran kuwa tsoro ne ya kora mu, tsoron da aka gina mana tun ranar da aka yi ƙofa biyu. Ina roƙonku, iyayena, kada ruwa ya cinye guminku. Ina roƙonku, kada ɓeraye su ci sallamar shekara talatin. Ina roƙonku a buɗe sitocin nan yau, tun hadarin can bai haɗu ba.

Gaskiya ta wajabta in faɗi abin da ban gano ba. Ban san wanda ya fara taka ƙofa tsakanin su biyun ba, don kowannensu ya ce ɗayan ne. Ban san ko yawan warin hagu ya yi daidai da na dama ba, don ba a bar ni na leƙa ba. Ban san wanda zai ba Pak Legimin haƙuri ba, bawan Allah da aka hana shi shiga ƙungiyar ƙwallo tsawon shekarun nan saboda yana da irin rigar ledar. Ban san a gidan wa zan ci abincin rana ba. Kuma ban san ko masu riƙe da makullan sitocin za su...

To. A shaida cewa Mbah Rukiyem ta kwance bakin zanenta ta fito da makulli. Mbah Kasmo ma ya cire hularsa, ashe a nan yake ɓoye nasa. A'a, Mbah, ba sai an san wanda ya fara ajiyewa ba, ni dai ba zan bincika ba. Pak Sumarjono, don Allah miƙa hannu biyu, ka karɓa a tare.

Allah ya tsayar mana da ruwan nan har mu kwashe kaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗinka takalman nan ba su ga wannan rana ba. Allah ya ba masu ciwon baya lafiya, ya ba matasanmu aikin yi, ya sanyaya zuciyar kakannina a kan iyayena kafin azahar. Masu keken kaya su same mu a siton Hagu, can ne ke yoyo.

Na gode.