Ruwan Addu'ar Baba Gwenzi

A bencin bayan asibitin, Nyaradzo ta ƙara jan zanen aron da ta yafa don ya rufe farar rigar coci. Matar da ke gefenta ma goyo ne a bayanta.

"Allura kika kawo shi?" matar ta tambaya.

"Ni? Inuwa na shigo sha. A cocinmu ba ma yin allura, ruwan addu'a muke ba yara."

"To, sannu da shan inuwa. Ga katin yaron nan ya leƙo daga zanenki."

Nyaradzo ta tura katin ciki, ta rage murya. "Ki rufa min asiri, baiwar Allah. Ƙyanda ta ɗauke min yayansa bara. Tsorona Baba Gwenzi, shugabanmu. Sau ɗaya yake zuwa ƙauyenmu a shekara, amma an ce duk wadda ta kai ɗanta allura yana ganinta a wahayi, ya tona ta gaban jama'a."

"Ba zai gan ki ba."

"Ba ki san shi ba ne. Mutumin da ƙyanda ba ta taɓa shiga gidansa ba? 'Ya'yansa uku yake jerawa a gaban taro, mu ga aikin ruwan addu'a da idonmu."

Matar ta gyara goyonta, ta miƙe, don an kira layi.

"Na san su, ni nake yi musu wanka. Wannan ce ta huɗu cikin 'ya'yansa da na kawo allura nan. Matsa mu je."