An Bar Min Hoton Sojan Ostareliya

Salamu alaikum mai gabatar da shiri da malamai, sannunku da aiki. Ni ce Hajiya Lami daga unguwar Bronx a ƙasar waje, mijina ya daɗe da rasuwa. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta min.

Shekara shida ina kula da wata tsohuwar Baturiya 'yar Ostareliya. A gefen gadonta akwai hoton wani yaro da hular soja. Na ɗauka jikanta ne, ashe yayanta ne. Ya tafi yaƙin duniya na biyu yana ɗan sha tara, aka harbe shi a wani daji, ko gawarsa ba a kawo ba.

Duk Afrilu, lokacin da 'yan ƙasarsu ke tunawa da sojojinsu, sai ta aike ni in sayo wani ganye mai ƙamshi, ta maƙala a ƙirji, ta kira sunan yayan nata. Karon farko a miyar kaza na zuba ganyen, ta yini ba ta kula ni ba.

Watan jiya ta rasu, ba ta da kowa. Kafin ta cika ta damƙa min hoton, ta ce, "Lami, kar a manta da shi."

To ga Afrilu ya kama. Ni addu'a da sadakar waina na sani, yaron kuma ba Musulmi ba ne. Bola dai ba zan kai hoton ba. Malamai, ku gaya min me zan yi, don in na bari, ba sauran mai kiran sunansa a duniya.