Ku Kulle Asusun Hanya Kafin Pak Kasmuri Ya Sayar da Motarsa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, mai girma Pak Bupati shugaban gundumarmu, 'yan majalisa masu daraja, malamanmu da dattawan ƙauyuka, direbobi, 'yan'uwana matan kasuwa, da duk wanda ya bar shinkafarsa a gona ya zo, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ni ce Wartinah, mai sayar da kabeji, shugabar matan kasuwar kan tudu. Na gode da kuka ba ni dama, na kuma gode da shayin nan, ko da yake an yi masa rowar sukari.

Magana ta farko, shekara bakwai ke nan kowace motar haya tana biyan rupiya dubu biyu a tasha, aka ce mana na gyaran hanya ne, na hanya kaɗai. Mun yarda, mun biya, domin a kuɗin motarmu ake cirewa. Sai bikin 'yancin kai ya zo, aka ara aka gina ƙofar gari mai zakuna biyu. Aka sake ara aka yi wa ofis fenti. Aka sake ara don gasar ƙwallo, aka kuma ci mu huɗu da nema. Kullum sunansa aro, amma har yau ban ga ranar da ya dawo gida ba.

Magana ta biyu, kun san al'adarmu, idan rami ya gagara a hanya sai mu dasa masa ayaba don hukuma ta ji kunya. Ta kwanar masallaci ta girma, ta yi 'ya'ya, mun soya mun ci har sau biyu. Ran nan jami'in gona ya tsaya a gindinta, muka ce yau dai kunya ta zo. Ashe iri yake nema, wai bai taɓa ganin mai kyanta ba. Mun yi dariya, amma ni raina ya ɓaci ƙwarai.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni. Da motoci tara ke hawa tudunmu, yau saura ɗaya, ta Pak Kasmuri, ga shi can a baya yana ɓoye fuska da hula. Shekaranjiya ya gaya mini ya samu mai saye, ranar Litinin za a zo ɗauka. Na ce, "Haba Kang, ɗan'uwa, ƙauye huɗu za ka bari a ƙasa?" Ya ce, "Yu Wartinah, 'yar'uwa, bakanike ya fi matata ganina. Ramukan nan na san su fiye da jikokina, har suna na raɗa musu. Na gaji."

Ranku ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba mu ce kun ci ba, cewa muka yi kun ara. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar da ke gabanku yau ta ce kuɗin hanya ba a ara, ba a jingina, ba a karkatar da shi ko don biki ko don baƙo, abin da aka ɗauka kuma a mayar kafin damina. Pak Kasmuri ya yi mini alkawari a gaban liman cewa idan ta wuce, zai sallami mai saye ya sayi taya.

Ni na goya kabeji a bayana daga kan tudu zuwa kasuwa har na kai shekara talatin, kamar yadda uwata ta yi. Ba na son 'yata ta gaji wannan zanen goyo. Ku hannu kawai za ku ɗaga yau, idan kuwa kun ƙi, ranar Talata mu ne za mu duƙa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya sa albarka a gonakinmu, ya tsare direbobinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya, har da mu da za mu bi ta kwanar masallaci.

Na gode.