Damin Geron da Na Ƙi Kaiwa Coci

Barka da aiki, mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Talatu daga wani ƙauye kusa da Makoda, kuma ni Kirista ce.

Da kakar bana gobara ta cinye rumbunmu ƙurmus. Ranar bikin godiya kowa ya kai damin geronsa coci, ni kuwa na ƙi zuwa. Da Fasto ya biyo ni gida na ce masa, "Wa zan gode wa? In Allah mai iko ne, mai ƙauna, ina yake lokacin da wutar ke ci?" Ya ce, "Ban san dalili ba, Talatu. Amma Almasihu kansa ya yi irin wannan tambaya a kan gicciye."

Washegari da hantsi sai ga maƙwabcinmu Malam Sale da amalanken shanu. Ashe gida-gida ya bi, Musulmi da Kirista, kowa ya jefa dami ɗaya.

Har yau ban samu amsa ba, kuma in na ga tokar nan raina yakan ɓaci. Amma ranar Lahadi na ɗauki dami ɗaya na kai coci.

A gaida min Malam Sale. A ce masa tuwon da 'ya'yana suka ci jiya, geronsa ne.